Matashin mai bincike a fannin katalisis: kuɗi ya fi buƙata, ko lokaci, ko na'ura?

Sinadari_M
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kawo maganar nan ne domin ta daɗe tana damuna. Na gama digirin digirgir a fannin katalisis, yanzu ina aikin bincike na kwantiragi ƙarƙashin wani farfesa, irin wanda muke ce wa fosdok. Aikina a kan katalis ɗin da ke raba ruwa ne a samu haidirojin.

Duk taron da ka je za ka ji manya suna cewa makomar makamashi mai tsafta tana hannun matasa. Amma da an zo maganar tallafi, abu ɗaya ake nufi: a ware kuɗi masu kauri, a sa gasa, mutum ƙalilan su ci, sauran su koma gida. Ni a ganina ba kuɗin ne babbar matsalarmu ba. Lokaci muka rasa, da damar bin tambayar da ke ranmu. Kwantiragin shekara ɗaya ko biyu ba ya isa ka haɗa katalis, ka fahimci yadda yake aiki, ka kuma gwada ko zai yi ƙarko. Tun kana tsakiyar aiki ka fara neman inda za ka koma. Da za a ba ni zaɓi, zan ɗauki shekara biyar da kuɗi kaɗan a kan shekara biyu da kuɗi masu yawa. Me kuka gani?

Ummu_Hanifa
Wa'alaikumus salam. Ku yi haƙuri da ni, ɗaliba ce a aji biyu. Mene ne ainihin aikin katalis, kuma me ya haɗa shi da kare muhalli? Ina so in bi muhawarar da fahimta.

Malamin_Kemistiri
Tambayarki tana kan hanya, 'yata. Katalis abu ne da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ko rabuwarsu, shi kuma ba ya ƙarewa a cikin aikin. Yana buɗe wata hanya ce mai sauƙi, don haka zafin da ake buƙata ya ragu, abin da ake so ya fito da yawa, dattin da ake zubarwa ya yi ƙasa.

Ki ɗauki takin zamani. Naitirojin ya cika iskar da muke shaƙa, amma ƙwayoyinsa biyu sun riƙe juna gam, ba sa rabuwa da sauƙi. Fritz Haber ya nuna a 1909 cewa za a iya haɗa shi da haidirojin a samu amoniya, Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da abin masana'anta, aka buɗe ta farko a Oppau ta Jamus a 1913. Har yau a kan baƙin ƙarfe ake yin aikin, da zafin da ya kai digiri 400 zuwa 500 da matsin iska mai tsanani. Wannan aiki shi kaɗai yana cin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya, kuma galibin haidirojin ɗin daga iskar gas ake ciro shi. Duk wanda ya samo katalis da zai rage wannan nauyi, ya taɓa rayuwar kowa. Haka nan tukunyar da ke tace hayaƙin mota, filatinam da faladiyam da rodiyam ne a cikinta suke aiki.

Dakta_Ramla
Sinadari_M, na fahimci zafin da kake ji, amma ba na tare da kai gaba ɗaya. Lokaci ba tare da kuɗi ba zaman jira ne kawai. Fanninmu ba irin wanda alƙalami da takarda suka wadatar ba ne. Kana buƙatar iskar gas mai tsafta, gishirin ƙarafa masu tsada, na'urar tantance abin da ya fito, da ɗalibi ko biyu da za ka biya. Kuma manyan tallafin da kake suka ai lokacin suke saya maka. Tallafin matasa na Majalisar Bincike ta Turai, ERC, yana kaiwa yuro miliyan 1.5 na shekara biyar. Na Emmy Noether a Jamus shekara shida ne. Na CAREER da hukumar NSF ta Amurka ke bayarwa shekara biyar ne. Waɗanda suka tsara su sun san abin da kake faɗa.

Sinadari_M
Gaskiya ne Dakta, amma mutum nawa ke samu? Masu cin na ERC ba sa kai kashi 20 cikin 100 na masu nema, kuma masu neman ma zaɓaɓɓu ne tun daga farko. Ina magana ne a kan sauran, waɗanda su ne ke tsaye gaban na'ura kullum.

Ƙididdiga77
Akwai bincike a kan wannan. A 2018 Thijs Bol da abokan aikinsa sun duba tallafin matasa na ƙasar Holan. Suka kwatanta waɗanda suka tsallake layi da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙiris, wato mutanen da makinsu kusan ɗaya ne. Cikin shekara takwas da suka biyo baya, waɗanda suka tsallake sun tara kuɗin bincike fiye da ninki biyu na waɗanda suka faɗi. Wani ɓangare na tazarar ya samo asali ne daga cewa waɗanda suka faɗi sun karaya, sun daina nema. Kun ga ke nan gasa ba ta tsaya ga zaɓen gwani ba, ita kanta tana ƙera wanda za a kira gwani gobe.

Injiniya_Bashar
To amma akwai wani binciken na 2019, na Dashun Wang da abokansa, a kan matasan da suka nemi tallafin hukumar NIH ta Amurka. Su sun ga cewa waɗanda suka faɗi da ƙiris amma suka daure suka ci gaba, daga baya ayyukansu sun fi na waɗanda suka ci da ƙyar tasiri.

Ƙididdiga77
Haka ne, sai dai a cikin wannan binciken dai an nuna faɗuwar ta kori wasu daga fagen gaba ɗaya. Waɗanda suka tafi ba mu san abin da da za su gano ba. Shi ya sa wasu masu ba da tallafi suka fara jefa ƙuri'a tsakanin buƙatun da suka cancanta. Hukumar binciken lafiya ta New Zealand ta fara tun 2013, gidauniyar Volkswagen ta gwada, hukumar kimiyya ta Suwizalan ma tana yi idan maki ya zo kunnen doki.

Tsohon_Farfesa
Assalamu alaikum. Na karanta duka, bari in sa baki a matsayin wanda ya yi ritaya.

Sinadari_M, a cikin abubuwa biyun da ka ambata, na biyun ya fi nauyi a wurina, wato 'yanci. Ku duba waɗanda suka ci kyautar Nobel ta 2021, Benjamin List da David MacMillan. Dukansu an haife su a 1968, kuma ayyukan da aka karrama su a kai sun fito a shekarar 2000, lokacin duka-duka ba su daɗe da buɗe nasu ɗakunan gwaji ba. List yana cibiyar Scripps, MacMillan yana Berkeley. A wancan zamani kusan kowa ya sakankance cewa katalis mai zaɓen siffar ƙwayar sinadari dole ya zama ƙarfe ko enzayim, wato katalis ɗin da jikin mai rai ke yi da kansa. List ya ɗauki furolin, ƙaramin sinadari mai arha da ke cikin jikin kowane mai rai, ya gwada, ya yi aiki. Gwajin bai ci wasu kuɗin kirki ba. Abin da yake da shi a ranar shi ne ikon yanke shawara a kan tebur ɗinsa. Da a ce yana ƙarƙashin wani mai cewa "bar wannan, ƙarasa min nawa", Allah kaɗai ya san yaushe za a kai ga abin.

Na ga matasa masu kaifin basira da suka shafe ƙuruciyarsu suna cika alkawuran da shugabansu ya ɗauka a takardar neman kuɗi. Suna fita da maƙaloli da yawa, amma babu tambaya ko ɗaya da za a ce tasu ce. Idan suka je neman aiki sai a tambaye su, "mene ne naka?" su rasa amsa. Laifin namu ne manya. Ya kamata kowane fosdok ya samu wani yanki na mako da zai yi abin da ransa ke so, kuma a rubuta a takarda tun ranar farko cewa abin da ya fito daga ciki zai tafi da shi idan ya tashi.

Gwaji_da_Haƙuri
Allah ya ƙara lafiya, Farfesa. Maganar "zai tafi da shi" ɗin nan ta taɓa ni. Na taɓa yin aiki a wani wuri inda na fito da tunanin sauya abin da ake shimfiɗa ƙarfen a kai, na yi gwajin farko da hannuna bayan an tashi aiki. Da sakamako ya yi kyau, sai aka sa shi a buƙatar neman tallafi ba tare da sunana ba, aka ce ƙa'ida ba ta yarda mai kwantiragi ya shiga ba. Kwantiragina ya ƙare, aka ɗauki wani ya ci gaba. Ban yi faɗa da kowa ba, domin takardar shaida da zan nemi aiki da ita a hannunsu take. Wannan ƙa'ida ta hana mai kwantiragi sa sunansa a buƙata, ita ce ya kamata a fara gyarawa, kuma gyaranta ba ya cin ko sisi.

Dakta_Ramla
Allah ya musanya maka da mafi alheri, ɗan'uwa. Irin wannan ya yi yawa.

Mai_Sinkirotiron
Ni ta wani ɓangare zan zo. Kuna ta kuɗi da lokaci, kun manta na'ura. Katalis yana sauya kama yayin da yake aiki. Abin da ka zuba a farko ba lallai shi ne ke yin aikin ba, domin ƙarfen kan tsatsa ko ya koma, ƙwayoyi kan dunƙule, wasu kan narke su bi ruwa. Idan ba ka leƙa shi yana cikin aiki ba, hasashe kake yi. Leƙen kuwa sai da hasken eksire mai ƙarfi irin na sinkirotiron, wata katafariyar na'ura mai siffar zobe da ke fitar da shi, ko madubin ilektiron da babu ƙaramin ɗakin gwaji da zai iya saye.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a cibiyoyin sinkirotiron irin su ESRF da ke Grenoble a Faransa ko Diamond a Ingila, ba a sayar wa mai binciken jami'a lokaci idan zai wallafa sakamakonsa. Buƙata kake rubutawa, kwamiti ya duba. Matsalar ita ce wanda bai taɓa zuwa ba bai san yadda ake rubuta ta ba, bai san yadda ake ƙera ɗan akwatin da samfur zai zauna a ciki ana hura masa gas da zafi ba, kuma idan ya dawo da tarin bayanai babu mai koya masa fassara su. Shi ya sa nake ganin tsarin da Birtaniya ta yi a 2013 yana da hikima: suka kafa cibiyar katalisis ta ƙasa a Harwell, dab da Diamond, inda matasa daga jami'o'i daban-daban ke zama tare suna amfani da kaya ɗaya. Sinkirotiron ɗin SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017 ma misali ne na yadda ƙasashe ke haɗa hannu su mallaki abin da ɗaya ba za ta iya ba. A ba matashi kujera a irin wannan wuri da mai nuna masa hanya, ya fi a ba shi kuɗin sayen na'urar da za ta lalace babu mai gyara.

Ɗan_Lissafi
Ko kuma ya koma kwamfuta. A 2020 masu binciken Facebook da jami'ar Carnegie Mellon sun saki bayanan lissafin katalis sama da miliyan ɗaya kyauta ga kowa. Yau matashi da kwamfuta mai ɗan ƙarfi da intanet zai iya tace dubban haɗe-haɗen ƙarafa kafin ya taɓa kwalba.

Mai_Sinkirotiron
Zai iya tacewa, ban musa ba. Amma lissafin yana ɗaukar fuskar ƙarfe a shimfiɗe tsaf, babu datti, babu ruwa mai motsi. Na gaske ba haka yake ba. Dole wani ya haɗa ya gwada. Abin da ya fi shi ne a haɗa mai lissafi da mai gwaji tun suna matasa su saba da yaren juna.

Malama_Asabe_K
Ina so in dawo da ku kan maganar lokaci, domin akwai ɓarnar da gaggawa ke yi wa ilimin kansa, ba wa matashin kaɗai ba.

Wasu shekaru da suka wuce an yi ta wallafa maƙaloli masu cewa an samar da amoniya daga iska da wutar lantarki a zafin ɗaki. Kowa ya ruɗe, domin da gaske ne da an huta da wahalar da Malamin_Kemistiri ya bayyana. Amma adadin da ake samu ɗan mitsitsi ne, kuma amoniya tana ko'ina: a numfashin mutum, a safar hannu, a cikin gas ɗin da ake hurawa, har a jikin katalis ɗin. A 2019 wata tawaga daga jami'ar fasaha ta Denmak da Stanford da Imperial ta fitar da maƙala a mujallar Nature, ta gindaya yadda ya kamata a yi gwajin da naitirojin mai nauyi 15, wani nau'i da ya ɗan fi na yau da kullum nauyi, wanda za ka iya bin sawunsa ka tabbatar daga gas ɗinka amoniyar ta fito. Da suka sake gwada hanyoyin da ake yabo, ta litiyam ce kawai ta tsira. Wadda sunanta ya zo farko a maƙalar, Suzanne Andersen, ɗaliba ce a lokacin.

Ku yi tunanin ɗaliban da suka gina digirinsu a kan waɗancan sakamako na bogi. Galibinsu ba maƙaryata ba ne. Gas mai nauyi 15 yana da tsada, gwajin tabbatarwa yana cin watanni, kwantiragi yana ƙarewa, shugaba yana jiran maƙala. Wanda ya tsaya ya duba ya ce "ban samu komai ba" ya fita hannu rabbana, wanda bai duba ba ya samu aiki. Idan muna so mu taimaki matasa, sai mun sa wa wannan "ban samu komai ba" daraja.

Sinadari_M
Malama kin faɗi abin da ke raina fiye da yadda na iya faɗa. A ɓangarenmu ma akwai irinsa. Nikel yana nuna ƙwazo wajen fitar da oksijin daga ruwa, ashe ɗan burbushin baƙin ƙarfe da ke cikin ruwan alkalin da ake gwajin ne ke shiga jikinsa ya ƙara masa ƙarfi. Dennis Corrigan ya nuna haka tun 1987, aka yi watsi da shi, sai da rukunin Shannon Boettcher a jami'ar Oregon suka sake tabbatarwa a 2014. Yanzu kafin in yarda da kowane sakamako sai na tace ruwan. Za ka ga kwalabe a jere a kan tebur, garin nikel kore a kwance a gindinsu yana tsotse ƙarfen, kai kuma kana jira. Babu wanda zai yaba maka a kan wannan jira, amma in ba ka yi shi ba duk lissafinka ya tashi a banza.

Gwaji_da_Haƙuri
Masu haɗa sinadaran magani ma sun sha. A 2003 an ba da rahoton haɗin Suzuki, wata hanyar haɗa sinadarai da aka saba yi da faladiyam, ba tare da faladiyam ɗin ba, bayan shekara biyu masu aikin da kansu suka gano cewa akwai burbushinsa a cikin gishirin da suka yi amfani da shi. Ko ɗan maganaɗisun da ke juya ruwa a kwalba, idan ya tsufa ya yi tsaga, yana riƙe ƙarfe daga gwajin jiya.

Tsohon_Farfesa
Shi ya sa abin da Frances Arnold ta yi ya burge ni. Ta ci Nobel a 2018 kan sarrafa enzayim, sannan a watan Janairun 2020 ta fito fili ta sanar da janye wata maƙalarta daga mujallar Science saboda an kasa maimaita sakamakon. Ba ta ɓuya a bayan ɗalibi ba. Amma mu faɗi gaskiya, ita tana da inuwar da za ta fake. Matashin da ke neman aikinsa na farko, janye maƙala ɗaya na iya rufe masa ƙofa. Kwamitocin ɗaukar aiki su ne za su sauya. Tun 2012 aka rubuta sanarwar San Francisco mai cewa a daina auna mutum da sunan mujallar da ya wallafa a ciki, jami'o'i da dama sun sa hannu, amma a ɗakin tantancewa har yanzu ido kan fara sauka a kan sunan mujallar.

Hajiya_Injiniya
Ku ba ni dama in yi magana daga masana'anta, domin a nan nake aiki. Duk muhawarar nan an ɗauka cewa matashi jami'a zai zauna. Mafi yawansu ba za su zauna ba, kujerun ba su kai ba, kuma ba faɗuwa ba ce. Katalis ɗin da Malam ya ambata na amoniya, a kamfani aka same shi: Alwin Mittasch da mutanensa suka yi dubban gwaje-gwaje kafin su dace da baƙin ƙarfe mai ɗan gauraye. Haber da osmiyam ya fara, wanda ba za a taɓa samun isasshensa ba.

Abin da nake gani ga matasan da ke zuwa mana shi ne ba a koya musu tambayoyin da muke yi ba. Mutum zai nuna maka katalis da ya yi aiki na sa'o'i goma ko ashirin a kan ɗan fallen da bai kai farce ba. Mu kuwa dubun-dubatar sa'o'i muke nema. Yaya zai yi idan gas ya zo da sulfa? Idan wutar hasken rana ta ɗauke ta dawo, ta ɗauke ta dawo? Za a iya haɗa kilo ɗari da inganci ɗaya? Ku ɗauki iridiyam da ake sa wa na'urorin raba ruwa masu aiki a cikin asid. Abin da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, kuma mafi yawa daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Duk mai son haidirojin mai tsafta ya yawaita, dole ya rage iridiyam ko ya nemo madadinsa mai jure asid. Wanda ya zauna wata shida a masana'anta yana ɗalibi, zai koma ɗakin gwaji da wasu idanu daban. Wannan shi ne tallafin da zan sa a gaba.

Ɗan_Lissafi
Hajiya, kamfani kuma yakan hana wallafawa. Ɗalibi ya yi aiki, a ce sirrin kasuwanci ne.

Hajiya_Injiniya
Yakan faru idan ba a yi yarjejeniya tun farko ba. A rubuta wa'adin da kamfani zai duba ya nemi haƙƙin mallaka, bayan nan a saki. Aikin da Merck da Codexis suka yi na sauya rodiyam da enzayim wajen haɗa maganin ciwon suga, sitagliptin, ai an wallafa shi a 2010 kowa ya karanta.

Dakta_Ramla
Akwai abin da ba a taɓo ba. Shekarun da ake kira na "matashin mai bincike" su ne shekarun aure da haihuwa. A fanninmu mace mai juna biyu sau da yawa dole ta nisanci wasu ruwayen narkarwa da ƙarafa masu guba, don haka aikinta na hannu yana tsayawa tun kafin ta haihu. ERC tana ƙara wa uwa wata 18 a kan kowane ɗa wajen lissafin shekarun da mutum ya cancanci neman tallafin matasa, wannan abin yabo ne. Amma ƙarin wa'adi bai gudanar da gwaji ba. Abin da ya cece ni shi ne wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji da ta riƙe min na'ura, ina tsara aiki daga ofis tana aiwatarwa. Kuɗin ɗaukar irin wannan mataimaki na ɗan lokaci ƙanana ne idan aka kwatanta da asarar mace mai digirin digirgir da ta bar fagen. Ƙungiyar mata masana kimiyya ta OWSD da ke Trieste a Italiya tana ba mata masu bincike a ƙasashe masu tasowa tallafin farawa, kuma cibiyar kimiyya ta TWAS da masanin kimiyya Abdus Salam ya kafa a can a 1983 tana da nata shirye-shiryen. Ƙannena mata da ke nan, ku riƙa dubawa.

Ummu_Hanifa
Na gode Anti Dakta. Gaskiya da na fara karantawa jikina ya yi sanyi, na ce anya zan shiga wannan fanni?

Malamin_Kemistiri
Ki shiga, 'yata. Akira Fujishima ɗalibi ne a jami'ar Tokyo a 1967 lokacin da ya ga kumfar gas tana tashi daga jikin titaniyam dayoksaid da ya haska wa fitila a cikin ruwa. Sai a 1972 aikin ya fito a Nature da sunansa da na malaminsa Kenichi Honda, kuma da farko masana da yawa ba su yarda ba. Ki lura da tazarar, shekara biyar. Ki zaɓi malami kafin ki zaɓi jami'a. Ki tambayi tsofaffin ɗalibansa ina suke yanzu, kuma sunan wa ke fara zuwa a maƙalolinsu.

Injiniya_Bashar
Shekara biyar ɗin nan ta Fujishima hujja ce ga Sinadari_M. Amma ni har yanzu ina ganin Dakta_Ramla ta fi kusa da gaskiya. Wa zai biya albashin shekara biyar? Idan aka tsawaita kwantiragin kowa da kuɗin da ake da su yanzu, adadin waɗanda za a ɗauka zai ragu da rabi ko fiye. Za ku yarda da haka? Waɗanda za a bari a waje su ma matasa ne.

Sinadari_M
Ni zan yarda, Injiniya. Gara a ɗauki kaɗan a riƙe su da mutunci, a gaya wa sauran gaskiya da wuri su nufi masana'anta kamar yadda Hajiya ta ce, da a tara mutane ana ja musu rai shekara bayan shekara har ƙarfinsu ya ƙare.

Malama_Asabe_K
A nan kam ban bi ka ba. Idan kujeru suka ragu, waɗanda suka fito daga manyan ɗakunan gwaji masu suna su ne za su kwashe, abin da Ƙididdiga77 ya kawo zai ƙara tsananta. Wanda ya yi karatu a inda babu madubin ilektiron, ƙaramin kwantiragin nan shi ne ƙofarsa ɗaya tilo.

Mai_Sinkirotiron
Shi ya sa na ce na'urar haɗaka. Ita ce ke rage wannan tazara.

Gwaji_da_Haƙuri
Mai_Sinkirotiron, tunda kana nan, ina da samfurin tagulla da nake gwadawa wajen sauya iskar kabon dayoksaid, ina zargin yana sauya kama da zarar an sa wuta. Ban taɓa rubuta buƙatar neman lokaci ba. Mai kwantiragi zai iya nema da sunansa, ko sai ta hannun shugaba?

Mai_Sinkirotiron
Ya danganta da cibiyar, ka karanta ƙa'idarta, amma ko da sunan shugaba ne a sama kai za ka rubuta. Kafin komai ka aika wa masanin da ke kula da layin hasken saƙo, ka gaya masa yawan tagullar da ke cikin samfurin da kaurin ruwan da hasken zai ratsa, shi zai faɗa maka ko siginar za ta fito. Ka haɗa da sakamakon da ka riga ka samu a ɗakin gwajinku, domin kwamiti yana so ya ga ka ƙure abin da ƙananan na'urori za su iya. Turo min daftarin ta akwatin sirri in duba maka kafin wa'adin zagaye mai zuwa ya cika.